Buɗewa kawai na yi, wa ya ce a ajiye?

Akwai wata ɗabi'a da manhajojin rubutu na waya suka ɗauka wadda ta daɗe tana damuna, kuma duk wanda na kai wa ƙorafi amsar ɗaya ce, wai ai taimakonka ake yi. Za ka buɗe fayil a waya don ka duba abu ɗaya tak, wata lamba ko wani kwanan wata, kana jan rubutun sama da babban yatsa sai yatsan ya ɗan jima a kan wata kalma, kalmar ta yi shuɗi, kibod ya taso, ka yi sauri ka kore shi ashe harafi biyu sun riga sun shiga ko rabin layi ya fita, kai kuma ka danna baya ka fice abinka. Ba wanda ya tambaye ka komai. Manhajar ta riga ta ajiye, ta ɗora ɓarnar nan a kan takardarka ta asali, in kuma fayil ɗin a intanet yake to kafin ka mayar da wayar aljihu kwamfutarka ma ta karɓi gurɓataccen, abokin aikinka ma shi zai buɗe gobe da safe.

Bari in faɗa tun yanzu kar a ce ban san amfanin ajiya ta atomatik ba. Duk wanda ya taɓa zama ya yi rubutu mai tsawo wuta ta ɗauke ko batir ya mutu ya san yadda zuciya take yi, ba na yi wa kowa fatan wannan. Abin da na ƙi shi ne an ɗauki abu biyu da kowanne zaman kansa yake an cakuɗa su wuri ɗaya. Akwai tsare min aikina kar ya salwanta, wannan aikin na'ura ne, ta yi shi duk bayan daƙiƙa in ta ga dama, na gode mata. Akwai kuma yanke hukuncin cewa wannan da ke gabana yanzu shi ne takardar, na jiya ya tafi kenan. Wannan na biyun fa nawa ne, ni na san me nake nufi da rubutuna, ni na san wanne taɓawa ne gyara wanne ne tuntuɓen yatsa. Manhaja ba ta sani ba, kuma ba ta da hanyar sani in ba ta tambaya ba.

Waɗanda suka fara da kwamfuta za su tuna ɗan akwatin nan da yake fitowa in za ka rufe takarda, mai zaɓi uku: a ajiye, kar a ajiye, ko a fasa rufewar. Na tsakiyan nan mutane da yawa ba su san darajarsa ba sai da aka ɗauke shi. Da shi ne mutum yake samun ƙarfin halin yin gwaji. Ka ɗauko sakin layi na ƙarshe ka kawo shi farko ka ji ko zai fi zama, ka goge shafi guda ka ga ko maganar za ta tsaya ba shi, ka canza lambobi a jadawalin lissafi ka ga in an ƙara kaza an rage kaza me zai fito a ƙasa, in abin bai yi ba ka rufe ka ce kar a ajiye, shi kenan komai ya koma yadda ka same shi. Yanzu kuwa duk abin da ka taɓa ya zauna daram. Kamar telan da kana cikin nuna masa da yatsa kana cewa da za a ɗan rage nan ko ya zai yi, kafin ka rufe baki shi har ya sa almakashi.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, ba wai ba a san yadda ake raba biyun ba ne. An sani tun tuni. Word na kwamfuta shekara da shekaru yana da abin da ake kira AutoRecover, wanda in ba ka taɓa saitinsa ba duk minti 10 yake ɗaukar kwafin abin da kake yi ya kai wani fayil daban can gefe ya ɓoye. Ba ruwansa da takardarka ta asali. In kwamfutar ta mutu ka sake kunnawa sai ya jero maka a gefe, ga abin da na tsinto, kana so ko in zubar? Kai ne mai zaɓi. Aikin bai ɓace ba, takardar asali ma tana nan lafiya lau. Ni dai har yau ban ga aibin wannan tsarin ba, in minti 10 ya yi yawa a mayar da shi daƙiƙa biyar mana, amma a bar shi a gefe.

Na san dalilin da ya sa masu manhajojin waya suka bi ta ɗaya hanyar, kuma gaskiya dalili ne mai ƙarfi. Waya ba ta tafiya irin ta kwamfuta. A Android da iPhone duka, da zarar ka bar manhaja ka shiga wata, ko kira ya shigo, ko ka buɗe kyamara, wadda ka bari tana komawa baya ta yi likimo, in kuma memori ya yi ƙaranci tsarin wayar yana da ikon kashe ta ba sallama, ba zai tsaya jira ta fito maka da akwatin tambaya ba. Shi ya sa Google da Apple suke ja wa masu haɗa manhaja kunne cewa su adana abin da mutum yake yi tun lokacin da manhajar za ta koma baya, don ba tabbas za ta sake samun dama. Mai ƙaramar waya da memorin aikinta, wato RAM, bai wuce 2GB ko 3GB ba ya fi kowa sanin wannan, ka leƙa WhatsApp na minti ɗaya ka dawo ka tarar manhajar tana lodi daga farko. Duk na yarda da wannan. Amma wannan hujja ce ta a ajiye wani wuri, ba hujja ba ce ta a danne na asali. Wayar da ke iya riƙe bidiyo ɗari ba za ta gaza riƙe kwafi biyu na wasiƙa mai shafi uku ba.

Google Docs shi ya fi kowa tafiya da nisa a wannan layin. Asalinsa wata manhajar intanet ce mai suna Writely da Google ya saya a 2006, kuma a yau babu madannin ajiya a cikinsa kwata-kwata, babu kuma wani saiti da za ka shiga ka kashe, duk harafin da ka buga ya tafi. Ko ka kashe data ka sa wayar a yanayin jirgi ba ka tsira ba, zai riƙe canjin a cikin wayar ya jira, sabis na dawowa ya tura. Abu ɗaya da zan yaba musu, a waya takardar tana buɗewa ne a yanayin karatu, akwai ɗan fensir a ƙasa da za ka taɓa kafin ka fara rubutu, wannan ƙaramar katangar ta ceci mutane da yawa. Amma da ka shiga ciki to ka shiga.

Wannan rigimar ba yau aka fara ta ba, kuma ba a waya ma aka fi yin ta ba da farko. A 2011 Apple ya fitar da tsarin Mac mai suna Lion, ya shigo da ajiya ta atomatik cikin manhajojinsa irin su Pages da TextEdit da Preview, sannan ya cire Save As, zaɓin ajiye fayil da sabon suna, gaba ɗaya ya maye gurbinsa da Duplicate, wato ka fara yin tagwayen fayil sannan ka yi aiki a kan ɗaya. A takarda abin ya yi kyau, har da wani tsari na duba tsofaffin kwafi. Amma mutanen da suka shekara ashirin hannunsu ya saba da buɗe tsohon fayil, a gyara, a ba shi sabon suna, sai suka wayi gari suna lalata na asali ba su sani ba. Mutum ya buɗe hoto ya ɗan yanke gefensa don ya gani, ya rufe, hoton ya zauna a yanke. Surutu ya yi yawa har a 2012 da aka fitar da Mountain Lion aka dawo da Save As, duk da an ɓoye shi sai ka danne maɓallin Option yake bayyana, aka kuma sa wani zaɓi a saiti da zai sa a riƙa tambayarka kafin a riƙe canje-canje in za ka rufe takarda. Ma'ana kamfanin da ya fi kowa kafiya a kan tsarinsa ya saurara ya ja da baya, shekara ɗaya kacal. To me ya sa bayan shekara goma sha wani abu ake maimaita wannan darasin a waya, inda kuskuren hannu ya ninka na kwamfuta?

Microsoft kuma a wajen 2017 ya kawo AutoSave cikin Word da Excel da PowerPoint na masu biyan kuɗin Office 365, ga duk fayil ɗin da ke OneDrive ko SharePoint, ma'ajiyoyinsa na intanet, yana ajiyewa duk bayan 'yan daƙiƙu. In yana kunne za ka ga Save As ya ɓace, Save a Copy ya zauna a wurinsa, kuma su da kansu shawarar da suke bayarwa ita ce ka yi kwafin kafin ka fara gyara, ba bayan ka gama ba. A nan ne gizo yake saƙar. Dubi yadda yawancin mutane suke rubuta wasiƙar neman aiki, ko rasit, ko takardar gayyatar taro, ko rahoton wata-wata. Ba mai farawa daga farar takarda. Na watan jiya ake buɗewa, a canza suna, a canza kwanan wata, a canza adadi, in an gama a ba shi sabon suna. Haka hannu ya saba. To a sabon tsarin nan kafin ka kai ga ba shi sabon sunan na watan jiya ya riga ya mutu, yanzu kana da fayil biyu masu suna daban amma abin da ke ciki iri ɗaya, kuma ba za ka gane ba sai ranar da aka ce kawo rahoton watan jiya ka buɗe ka ga lambobin wannan watan suna kallonka.

Na ga irin wannan da idona a wajen ƙanwata lokacin da take rubuta aikinta na kammala karatu, kuma yawancinsa a waya ta yi don ba kullum take samun kwamfuta ba. Fayil ɗin a cikin wayar yake zaune, ba a intanet ba. Malaminta ya ce ta turo masa babi na uku shi kaɗai, sai ta buɗe babban fayil ɗin, ta zaɓi babin tun daga kai har ƙasa, ta yanke shi da niyyar ta liƙa a sabon fayil, a ranta ai in ta rufe babban ba za ta ajiye ba, zai koma yadda yake, haka take yi a kwamfuta. Tana cikin haka kira ya shigo, mai kiran ya ce ta turo masa wata lamba, ta je ta kwafi lambar ta tura, ta dawo manhajar rubutun ta tarar tana lodi daga farko. Ta buɗe sabon fayil ta danna liƙa, lambar waya ce ta fito. Ta koma babban fayil, daga babi na biyu sai na huɗu. Kibiyar komawa baya, wadda ke warware gyaran da aka yi, ta yi fari fat, ba ta dannuwa. Ta zo ta same ni wayar a hannu, muryarta na rawa, "Yaya, don Allah duba min, babi na uku ba ya nan." Na karɓa na bincika duk inda na sani, babu tsohon kwafi, babu kwandon shara, babu komai, don a wajen manhajar ba abin da ya ɓace, gyara aka yi kuma ta ajiye. Abin da ya cece ta wani tsohon kwafi ne da ta taɓa tura wa ƙawarta ta imel, shi ma kafin gyare-gyaren da malamin ya sa ta yi, sai da ta zauna ta sake bin su ɗaya bayan ɗaya tana tunowa. Ba ta yi wani abin da ya saɓa hankali ba fa. Abin da ta saba ta yi, manhajar ce ta canza doka ba ta sanar ba.

In ka kawo wannan maganar sai a ce maka ai akwai tarihin fayil, ka koma baya ka ɗauko tsohon. Gaskiya ne akwai, kuma ina amfani da shi, amma a riƙa faɗin sharuɗɗansa. Na farko dai sai fayil ɗin yana ma'ajiyar intanet. Wanda ke zaune a memorin waya, irin wanda aka turo maka ta WhatsApp ka sauke, yawanci ba shi da wani tarihi, an danne an danne kenan. Sannan na intanet ɗin ma yana da iyaka. A OneDrive na mutum shi kaɗai, kwafi 25 na ƙarshe za ka iya dawo da su. A Google Drive kuma, fayil ɗin da ba na Google ba, kamar na Word ko PDF da ka ɗora, tsohon kwafinsa zai iya gogewa bayan kwana 30 ko in sababbi sun kai 100, sai dai in kai ka shiga ka zaɓi a riƙe shi har abada. Kwana 30 kamar da yawa, amma ka tuna irin wannan ɓarnar ba ta ihu. Wanda fayil ɗinsa ya ɓace gaba ɗaya nan take zai sani. Wanda sifiri ɗaya ya fita daga wata lamba a shafi na tara, ko kalmar "ba" ta goge daga cikin wata yarjejeniya, zai iya yin wata uku bai lura ba, ranar da zai lura tarihin ya daɗe da shuɗewa.

Kuma ko tarihin yana nan, a gaya min mutum nawa ne suka san inda yake a waya? An cusa shi can cikin ɗigo uku, cikin wani menu, cikin wani menu, wani lokacin ma sai ka nemi kwamfuta kafin ka ga komai da kyau ka gwada tsoho da sabo gefe da gefe. Ajiyewa ba a tambayarka, nan take ake yi, amma warwarewa sai ka yi bincike. Ni a ganina duk manhajar da ta ɗauki nauyin ajiye abu ba izini, to wajibi ne hanyar warwarewa ta kasance a fili kamar yadda madannin ajiya yake a fili a da.

Sai kuma fayil ɗin da mutane da yawa suke aiki a kai, nan ne abin yake zama abin kunya ba asara kaɗai ba. Ka buɗe jadawalin ofis a waya don ka nemo suna ɗaya, ka jera sunayen daga A zuwa Z don ka same shi da sauri, ko ka tace ka ɓoye sauran layuka, kai a ranka kallo kake yi, amma an ajiye wa kowa haka, wani yana can gaban kwamfuta ya ga rabin layukan sun ɓace hankalinsa ya tashi. In tsautsayi ya sa layin tsaye ɗaya kaɗai ka jera ban da sauran, to sunan wannan ya koma kan lambar wancan, kuma jadawalin zai yi kyau a ido kamar ba abin da ya faru. Su kansu kamfanonin sun san matsalar, shi ya sa Google Sheets yake da hanyar tacewa ta kai kaɗai, Excel ma ya zo da irinta daga baya, amma sai wanda ya sani ya nema. Ga kuma sunanka da yake hawa a matsayin wanda ya taɓa fayil ɗin na ƙarshe, da kwanan wata da lokaci. Takardar da aka kammala aka amince da ita tun bara, yau ta nuna kai ka gyara ta jiya da daddare, sai ka fara rantse-rantse wallahi dubawa kawai na yi. Akwai ayyukan da wannan kwanan watan yake da nauyi sosai, hujja ce.

Wani abin da ba a cika magana a kai ba shi ne sirrin tunani. Rubutu ba ya fitowa a gyare. Mutum yakan rubuta jimla mai zafi don ya huce sannan ya goge ya sa mai sanyi, yakan rubuta adadin da bai tabbatar ba ya bar shi kafin ya bincika. In takardar ta haɗin gwiwa ce kuma kowane harafi yana tafiya nan take, to shugabanka zai iya buɗewa ya ga ɗanyen tunaninka, kuma ko ka goge yana iya zama a tarihin fayil wanda duk mai ikon gyara zai iya dubawa. Wannan yana sa mutum ya riƙa rubutu a ɗarare, ko ya koma yin daftari a wani wuri daban sannan ya kwaso, wanda kuma shi ne ainihin wahalar da aka ce an zo rage mana.

Akwai ma ɓarnar da ba yatsanka ne ya yi ta ba. Fayil ɗin Word da aka tsara a kwamfuta, da salon haruffa na musamman da teburori da lambobin shafi da bayanan ƙasan shafi, in ka buɗe shi a wata manhajar waya da ba ta gane duk waɗannan ba, ka gyara waƙafi ɗaya kacal, ita fa ba waƙafin kaɗai za ta rubuta ba, fayil ɗin take sake rubutawa yadda ta fahimce shi. Sai ka koma kwamfuta ka ga tebur ya karkace, tazarar layuka ta canza, shafi 12 ya zama 14. Da tambaya aka yi, da yawa za su ce a'a bar shi, na gyara in na koma kwamfuta.

Kuma alamu sun nuna gaba ake ƙara yi ba baya ba. A watan Agustan 2025 Microsoft ya sanar cewa Word na Windows zai fara ajiye sababbin takardu kai tsaye a ma'ajiyar intanet da AutoSave a kunne tun daga farko, sai dai in kai ka shiga saiti ka canza. Wato ɗabi'ar waya ce take bin kwamfuta har gida. Ban ce ba wanda zai amfana ba, da yawa za su amfana, amma ina so a lura cewa kullum zaɓin da ake kunna wa mutum tun farko shi ne wanda yawancin jama'a za su zauna a kai har abada, don ba kowa ke shiga saiti ba.

Abin da nake roƙo ba wani abu ne mai wuya ba. A ci gaba da ajiyewa duk daƙiƙa, amma a daftari na gefe. In na zo fita a nuna min layi ɗaya, ka canza abu kaza a takardar nan, a riƙe ko a zubar? In tsarin waya ya kashe manhajar kafin in amsa, in na dawo a yi min tambayar a lokacin. In ma an ce tambaya tana gundurar mutane, to a sa madanni ɗaya a fili da zai mayar da takarda yadda take lokacin da na buɗe ta, ya yi aiki ko fayil ɗin yana intanet ko yana cikin waya. Kuma kowane fayil ya buɗe a yanayin karatu, sai na ce zan gyara sannan kibod ya fito.

Kafin su ji, ga yadda nake lallaɓawa. Duk takardar da zan ɗauki tsarinta in yi sabuwa, kwafi nake fara yi tun daga wajen jerin fayiloli, in ba shi sabon suna, sannan in buɗe kwafin, na asalin ko buɗe shi ba na yi. Takardar da aka gama, wadda karatu kawai za a riƙa yi, ina mayar da ita PDF in bar wannan a waya, mai gyaruwar kuma ta zauna wani wuri da yatsa ba ya kaiwa da sauƙi. In zan raba wa mutane fayil, izinin kallo nake bayarwa sai wanda lallai aikinsa gyara ne, in kuma shawara nake nema a Google Docs akwai yanayin ba da shawara wanda duk abin da mutum ya canza yake fitowa da launi sai mai takarda ya amince. Wata dabara mai daɗi ga masu raba samfurin takarda a Google Docs, a adireshin fayil ɗin in ka cire kalmar edit da abin da ke bayanta ka sa copy, duk wanda ya danna za a ce masa ya yi nasa kwafin ne, ba zai faɗa cikin naka ba. A Word na kwamfuta kuma, cikin bayanan fayil wajen kare takarda, akwai zaɓin a riƙa buɗe ta a yanayin karatu kullum. Word na waya yana da makunnin kashe AutoSave a menu ɗin fayil, amma a nan zan ce a yi hattara, in ka kashe shi ka koma hannun tsarin wayar da zai iya rufe manhajar kowane lokaci, sai ka riƙa danna ajiya da kanka kafin ka leƙa ko'ina. Ni ina kashe shi ne kawai in zan yi gwaji a takarda mai muhimmanci, in na gama in kunna.

In kuma abin ya riga ya faru, ka lura ka ɓata wani abu, kar ka fita daga manhajar, kar ka amsa saƙo, kar ka kwafi komai. Kibiyar komawa baya tana aiki ne muddin takardar tana buɗe, da ka rufe a yawancin manhajoji ta manta komai, don haka danna ta a hankali kana kallo har abin ya dawo. In ka riga ka rufe, to daina taɓa fayil ɗin haka nan, don duk sabon gyara yana iya tura tsofaffin kwafin baya su kusanci gogewa. Nemi kwamfuta ka shiga ma'ajiyar ta burauza, ka buɗe tarihin fayil, in ka ga mai kyan ka fara sauke shi ko ka yi kwafinsa da wani suna daban kafin ka danna maidowa. In fayil ɗin na cikin waya ne ba tarihi, bi duk inda ka taɓa tura shi, akwatin imel na saƙonnin da ka aika, hirarrakin WhatsApp da Telegram, wayar wanda ka taɓa ba shi ya duba maka, da babban fayil na abubuwan da ka sauke, don sau da yawa in ka sauke abu sau biyu wayar tana ajiye na biyun da lamba a ƙarshen sunansa, kuma shi ba a taɓa shi ba.